Kafin Ka Ɗora Wa Caja Laifi

Jama'a, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 1923 ba ce ba, 2023 ce, hankalin mutane ya karkata ga abin hawa mai aiki da lantarki. A watan Disamba na shekarar aka ƙaddamar da motocin haya irin waɗannan a Maiduguri, saboda haka ranar da babur ko mota mai batir za ta kwana a gidajen Jakusko da Gashuwa da Nguru ba ta da nisa. To, duk wanda ya saya, wata rana zai wayi gari ya tarar caja ta ƙi aiki. Shawararmu ita ce ya fara bincikar wayarin gidansa tukuna, domin sau da yawa can cutar take.

Da farko a kashe wuta, a zare filogi a duba. Soket ɗin gidajenmu na amfiya 13 ne, cajar mota kuwa takan ja amfiya 10 ko fiye, sa'o'i da dama ba hutawa. In ka ga baƙi-baƙi, ko ka ji ƙaurin roba, to waya ta yi sako-sako ko ta yi siriri. Babbar caja mai kilowat 7 takan ja amfiya 32, sai an ja mata tata waya mai kauri ita kaɗai.

Na biyu, a auna ƙarfin wutar. Ƙa'idar ƙasar nan bolt 230 ne, in ya faɗi ƙwarai, ko ƙaramin janareta ke bayarwa, caja takan tsaya da kanta.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mutanen arewacin Yobe, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta sosai, musamman da rani, cajar mota kuwa an yi ta ne ta ƙi aiki in wannan haɗi bai inganta ba. Maganinsa a kafa ƙarfen ya kai ga damshi. Haka kuma zafin bazara kan sa ta rage gudu, sai a ajiye ta a inuwa.

Abin da muke jan kunne a kansa shi ne ɗabi'ar nan ta ɗaura zaren waya a gurbin fis in ya ƙone. Fis mai gadi ne, wanda ya kore shi ya gayyato gobara cikin iyalinsa suna barci. In ya sake ƙonewa, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Allah ya kiyashe mu, amin.