Likitan Tsafe da Malamin Bungudu

Muna roƙon Edita ya ba mu fili kaɗan mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu bisa wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Ba mu ce mun fi kowa saninsa ba. Yara ne mu, jiya jiya muka ajiye allo muka ɗauki alli. Amma wanda ke kwana a ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Duk wanda ya je hutu gida ya san irin tambayar da a ke yi. Dattijo ya tare ka a ƙofar gida, ya ce, "Ɗana, me ka ke karantawa?" In ka ce likita, sai ya gyara zama, ya sa maka albarka, ya ce a kawo maka fura. In ka ce aikin jinya ko haɗa magani, ya ce madalla. In kuwa ka ce malanta, sai ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," da irin muryar da a ke yi wa wanda jakinsa ya mutu. Mu kanmu da ke wannan kwaleji, in za a bi mu ɗaya ɗaya a rantsar da mu, da yawa za su ce ba nan suka nufa ba tun fari, ƙofar likita ce aka rufe musu, suka juyo.

Ba dattawa kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, har a takardun hukuma ya ke. A shekarar 2024, cikin maki 400 na jarrabawar JAMB, an ajiye 140 ya zama mafi ƙanƙantar abin da za a shiga jami'a da shi, aka ajiye 100 ga kwalejojin horon malamai. Watau an faɗa wa yaro a fili cewa in ya gaza ko'ina, akwai inda ba a korar kowa. Ga shi kuwa wanda aka shigar ta wannan gajeriyar ƙofa shi za a danƙa wa ƙannen wancan da ya shiga ta doguwa.

To, mu duba abin da ya samu a ƙasarmu. Sa'ad da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, ba ta da jami'a ko ɗaya. Mai son digiri sai ya tafi Sakkwato, ko Zariya, ko Kano. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. A 2018 aka kafa ta jiha a Talata Mafara. A 2025 kuma aka sa hannu bisa dokar kafa jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Tsafe, garin da tun da can ya ke da kwalejin jiha mai horad da ma'aikatan lafiya. Wannan abin murna ne ƙwarai, kada wani ya ce mun raina. Ƙasar Tsafe ba baƙuwar ilmi ba ce, gama nan ne 'Yandoto ta ke, wadda malamanta suka yi suna tun kafin jihadi. Amma fa gina rumbu dabam, cika shi dabam.

Ga yadda a ke shiga karatun likita. Sai yaro ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, sa'an nan ya ci JAMB da maki mai yawa, kana ya zauna shekara 6. Mai digirin jinya shekara 5. Jami'o'in tarayya kuwa na ƙasa duka ne, ba na garin da aka gina su ba. Bisa ƙa'ida, kashi 45 cikin 100 na kujeru na wanda ya fi ƙoƙari ne ko daga ina ya fito, 35 na jihohin kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmi, mu kuwa muna cikinsu. Amma ƙa'idar nan kujera kaɗai ta ke ajiye wa yaro, ba ta zama ɗakin jarrabawa ta rubuta masa kemistiri. In yaron Bilbis ko 'Yankuzo bai zo da darussan nan biyar ba, kujerar ba za ta zauna ba kowa ba, wani zai hau. Ba mu ƙin baƙo, kowa ya zo karatu maraba da shi. Sai dai baƙo in ya gama, gida zai koma, asibitin ƙauyenmu ya zauna kamar yadda ya ke.

Wa zai koya wa yaron nan kemistiri? Mu ne, mu ɗin nan da aka ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bari mu ba da labarin abin da muka gani da idonmu. Da aka tura mu aikin koyarwa na gwaji, muka faɗa wata makarantar sakandare cikin ƙasar Bungudu, ba sai mun faɗi sunanta ba, don ba ita kaɗai ce haka ba. Mu huɗu ne. Muka tarar wanda ke koyar da bayoloji ba shi ya karanta ba, an dai ba shi ne don ba kowa, shi kuwa bawan Allah yana iyakar ƙoƙarinsa, da dare ya karanta, da safe ya kwafe musu a allo. Akwai ɗakin da aka rubuta wa sunan ɗakin gwaje-gwaje, muka leƙa, muka ga karyayyun bencina da buhunan siminti. Ran nan muna darasi bisa ƙwayoyin cuta, muka tambayi aji ko wa ke son aikin asibiti. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Wata yarinya a layin gaba, wadda ta fi kowa kaifin kai, ta ce ita likitar mata za ta zama, don yayarta wajen haihuwa ta rasu. Muka ce ko ta taɓa leƙa madubin nan da ke ƙara girman abu har a ga ƙwayar cuta. Ta ce ta dai gan shi a hoto cikin littafi. Saura shekara guda ke nan ta zauna jarrabawa. Muka zana mata shi a allo, muka koma masauki, ba wanda ya iya ce wa wani uffan.

Tsakanin ajin nan da Tsafe ba wata tafiya ba ce, mota ta bi ta Gusau, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, sai ga ka. Amma ga yarinyar nan ya fi Makka nisa.

Da ba haka a ke ɗaukar malanta ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, don horon malamai aka gina ta, ba kuwa a kai kowa can sai wanda aka tace aka zaɓa cikin lardinsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga can ya fito ya koyar a Midil ta Bauci. Ahmadu Bello daga can ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, kafin a ba shi Rabah, kafin kuma a 1938 a turo shi nan Gusau ya duba ƙasashen gabas. Ba mu ce zamanin nan ba shi da aibi ba, makarantun kaɗan ne ƙwarai, 'ya'yan talakawa da yawa ba su ko ji ƙanshinsu ba, mata kuwa ba a ma zancensu. Amma abu ɗaya sun gane, wanda mu muka mance: in kana da iri mai kyau mudu guda, ba ka dafa shi, shuka shi ka ke yi.

Akwai kuma wata fuska, ita ce ma ta fi damunmu. Mutane na zaton lafiya a asibiti ta ke, ilmi a makaranta, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu muna ganin yawancin abin da ke kashe mu a ƙauye, malami na iya tare shi tun bai kai ga likita ba. Ku tuna da abin da ya faru a yammacin jihar nan a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane na kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka a turmi, a niƙa, ƙura ta tashi ta sauka bisa ƙasar da yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike su ke da dalma. Yara suka yi ta suma suna mutuwa, fiye da 400, kafin a gane. Likitocin ƙungiyar MSF sun zo sun ba da magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Amma maganar da za ta hana abin tun fari ba ta fi jimla biyu ba: kada a daka dutsen nan a gida, a wanke jiki a sake tufa kafin a ɗauki yaro. Wannan maganar malamin firamare ce, in ya sani. Bai sani ba, don ba wanda ya koya masa. Haka sanƙarau na 2017, wanda ya fi tsanani a Zamfara bisa sauran jihohi: sanin alamarsa, da gaggauta kai mai ciwo asibiti, da yarda da allurar rigakafi, duk abubuwa ne da a ke ji daga bakin wanda aka amince da shi.

Mutanen Bangaladash sun gwada wannan. Gudawa na kashe musu yara ba iyaka, likitoci kuwa ba su isa ba. Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiya tasu mai suna BRAC ta aiki mata gida gida, suka koya wa iyaye mata fiye da miliyan 12 yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa yanzu shi ne lita guda ta ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin cokali na gishiri. Matan nan ba likitoci ba ne, aikin malanta suka yi. Mu ma ba sai mun je Bangaladash aro ba. Nana Asma'u ta naɗa jajis, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce bisa magani, haka Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna Matuzgi nan cikin Zamfara. A wurinsu mai koyarwa da mai magani sau da yawa mutum guda ne.

Wani zai ce, duk mun ji, amma yaro ba wawa ba ne, ya ga albashin malami ya ga na likita. Gaskiya ne, ba mu da amsar da za ta ƙaryata shi. Ya kuma ga hatsarin hanya. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙasar Bungudu, aka tafi da ɗaliban jami'ar Gusau daga masaukinsu, yawancinsu mata. Wanda ya ce wa malami ya tafi ƙauye, lalle ya san abin da ya ke roƙo. An yi doka a 2022 ta ƙara wa malamai shekarun yin ritaya zuwa 65, madalla. Amma yaro ɗan shekara 18 ba ranar fita ya ke dubawa ba, ranar shiga ya ke dubawa.

Saboda haka roƙonmu ga hukuma shi ne ta sayi malamin kimiyya da tsada tun yana ɗalibi. A shiga makarantun Tsafe da Bungudu da karkarar Gusau, a zaɓi waɗanda suka fi ƙoƙari a lissafi da kimiyya, maza da mata, a biya musu karatun digirin koyarwa na shekara 4 ɗungum, har da abinci da littattafai, bisa sharaɗin in sun gama su koma ƙasarsu su koyar shekarun da aka yanka. Ɗan gari ya fi baƙo jure zaman gari, ya san hanya, ya san wanda zai gaya masa yau kada ka bi ta can. Wajen mata aikin ya fi sauƙi, gama ga kwalejin tarayya ta horon malamai ta mata zalla nan Gusau, ga ta jiha a Maru, ga kuma dokar 2023 wadda ta ba kwalejojin tarayya ikon ba da digiri da kansu. Uban da ba ya barin 'yarsa ta je ajin namiji, shi ne kuma ba ya barin matarsa ta je wurin likita namiji. Malama guda ta bayoloji na iya warware duka biyu, ko da ya ke sai bayan shekara goma za a gani.

Wannan na hukuma ne, ta yi ko ta bari. Amma akwai wanda ke hannun malamanmu na nan, ba ya kuwa cin kuɗi mai yawa. Muna fita aikin gwaji kowace shekara, ɗaliban kwalejin lafiya su ma suna fita nasu aikin cikin ƙauyuka, sau da yawa gari guda, amma ba mu san juna ba, mu muna makaranta su suna ɗakin shan magani, bango kaɗai ke tsakani. Me zai hana shugabanninmu su rubuta wa nasu, a daidaita lokaci, a riƙa tura mu tare? Su shigo ajinmu ran Laraba da madubinsu, su ɗebo ruwan tafki su ɗiga, yara su leƙa su ga abin da ke iyo ciki. Mu kuma mu nuna musu yadda a ke bayyana wa mutum abu har ya gane, gama mun sha ganin malamin asibiti ya san ciwo sarai, amma ya yi wa tsohuwa bayani da rabin Turanci, ta ce to, ta fita ba ta san ko kafin abinci za ta sha ko baya ba.

Mun ji an ce za a raba mu wuraren aikin gwaji bayan hutu. Mu huɗun nan mun riga mun shawarta za mu roƙi a mai da mu makarantar da muka baro. Ɗayanmu yana da ɗan'uwa mai aikin gwajin jini, ya ce zai ba mu aron tsohon madubinsa na kwana biyu, in mun yi alkawarin naɗe shi cikin bargo saboda hanya.