Horon Fasahar Zamani: Daga Abuja Zuwa Sandamu Akwai Sauran Tafiya

A ranar 19 ga Oktoban 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar ƙananan kamfanonin fasaha, wadda aka fi sani da Nigeria Startup Act. Dokar ta yi tanadin asusun tallafi na aƙalla naira biliyan 10 a kowace shekara, da horas da matasa, da kafa cibiyoyin koyon fasahar zamani a shiyyoyi shida na ƙasar nan. Bayan shekara guda, ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horas da mutum miliyan 3, aka fara da 30,000 a zangon farko.

A takarda babu abin kushewa. Matsalar ita ce dokar tarayya ba ta da ƙafafu, sai jiha ta ɗauke ta ta kai ta gari. Cibiya ɗaya a shiyyar Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai ba za ta wadatar da ko birnin da aka gina ta ba, balle matashin Sandamu da ke maƙwabtaka da garin wanda ya sa hannu a dokar.

Jihar Katsina ba ta naɗe hannu ba. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya shugabanci SMEDAN kafin ya hau mulki a 2023, ya kafa hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta KASEDA da hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT. Wannan abin yabo ne. To amma jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta, kuma duk abin da aka tsara a birnin Katsina, kafin ya iso ƙauye ya riga ya gaji.

A duba yadda horon yake a aikace. Rajistar 3MTT ta intanet ake yi, galibin darussan ma ta intanet ne. Yaron Sandamu yana da waya, wannan ba a musu, amma sau da yawa mai RAM 2GB ko 3GB ce, wadda WhatsApp da TikTok sun riga sun cika mata ciki. Da irin wannan wayar za a iya koyon HTML da CSS, har a taɓa Python ta manhajar Termux ko Pydroid. Daga nan hanya ta ƙare. Android Studio, wadda da ita ake gina manhajojin waya, tana neman kwamfuta mai RAM 8GB kafin ta yi numfashi da kyau. Mai koyon zanen manhaja ba zai yi aikin kirki a Figma da babban yatsa a kan allon inci shida ba. Mai nazarin bayanai kuwa yana buƙatar Excel da Power BI a gabansa. Ga kuɗin data, wanda ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ga kuɗin cajin waya a shago duk ranar da babu wuta. Wanda ya tsara darasin bidiyo na awa biyu bai lissafa waɗannan ba.

Shi ya sa abin da Sandamu ta fi buƙata ba sabon suna ba ne, ba kuma taron ƙaddamarwa da rumfa da kujerun haya ba. Ɗaki ɗaya ne mai kwamfutoci ashirin, da sola, da intanet, da malamin da ake biyansa albashi a kan lokaci, a buɗe shi har bayan isha'i saboda masu zuwa gona da kasuwa, a kuma ware wa 'yan mata lokacinsu da rana. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, matasa na da hujjar tambayar ciyaman da kansilolinsu nawa aka ware wa irin wannan ɗaki a kasafin bana.

Akwai kuma batun wanda dokar ta sani da wanda ba ta sani ba. Kafin a ba kamfani shaidar cin gajiyar dokar, sai ya yi rajista da CAC a matsayin kamfani, kuma bai wuce shekara goma ba. Mai gyaran waya a bakin kasuwa, da mai POS, da yaron da ke haɗa sola a gidaje, babu ɗayansu a wannan layin, alhali su ne fasahar da ake gani da ido a masarautar Daura. Idan jiha za ta tsara tata dokar, nan ya kamata ta fara: a gwada ƙwarewar wanda ya koyi aiki a hannun ubangida, a ba shi takardar da kamfani zai karɓa, a taimaka masa da rajista.

Kuma aikin yana nan kusa. Daura na da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 shi ma ta nan ya bi. Tashar jirgi tana buƙatar masu kula da na'urorin sigina, da kyamarorin tsaro, da tikitin intanet. Idan ba a horas da 'yan Sandamu da Zango da Mai'aduwa da Ɓaure a kan waɗannan tun yanzu ba, ranar da jirgi ya fara tafiya daga wani wuri za a kawo ma'aikata, 'yan gida su tsaya sayar da ruwan leda a bakin tasha.

Ƙididdigar da ake bayarwa ma tana son gyara. Kullum labarin shi ne mutum dubu kaza sun kammala horo, an raba satifiket, an ɗauki hoto. Abin da ya dace KASEDA da KATDICT su riƙa wallafawa a shafinsu shi ne: mutum nawa daga kowace ƙaramar hukuma, nawa ne mata, kuma nawa ne ke samun kuɗi da abin da suka koya bayan wata shida. Duk mai waya a Sandamu zai iya buɗe shafin ya nemo sunan ƙaramar hukumarsa, ya ga lambar da ke gabanta.