Kafin Mu Tuge Turke Mu Koma Muwailih

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, da wuya ka zauna a kara ba ka ji wani yana cewa shi fa zai koma kasuwar Muwailih ta Umdurman ba. Ni dai ban ga abin gaggawa ba.

Me ya raya Muwailih tun farko? Shanun Darfur da Kordofan ne, masu shigowa garke-garke a ƙafa, da mahautan birni. Yaƙin 2023 ya datse waccan hanya, ya watsa dillalai da masu lamuni. To in ka koma ka ba da bashi, wa zai tsaya maka?

Nan Gadarif kuwa, bayan girbi ga karan dawa, ga tunkuzar riɗi. Ga kwalta ta Kassala har Sawakin, ga Gallabat ga mai ciniki da Habashawa a Metema. Kodayake ita wannan ƙofa ba a saki jiki da ita, a 2024 ma an rufe ta saboda faɗan yankin Amhara.

Aibin garin nan ruwa ne, ba zan ɓoye ba. Wata bazara ruwan tanka ya cinye mini ribar bijimai uku, wallahi har na yi tunanin tashi. Shi ya sa nake roƙon shugabannin ƙungiya, kuɗin da za mu kashe wajen ƙaura mu haɗa shi, a haƙa mana hafir kusa da kara kafin damina ta sauka.