Littafin Da Ya Kare Mu Da Waɗanda Suka Tona Mu

A wannan fitowa ba zancen farashin bijimi a kasuwar Turaku zan yi ba. Zancen littattafai ne, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. To, a yi haƙuri a saurare ni.

Ni dai bokona bai wuce firamare ba, Turancina kuwa na ciniki ne. Amma Allah Ya ba ni 'ya wadda ta yi zurfi a makaranta, ita ce ta riƙa karanta mini bayan sallar isha'i a gidanmu na Nima, inda ya cije ta fassara. Da haka muka gama littattafai uku, ɗaya na bincike, biyu ƙagaggun labarai.

Na farkon shi ne Fulani in Ghana, na Farfesa Steve Tonah na Jami'ar Gana da ke Legon. Ya ɗan kwana biyu, domin tun 2005 ya fito, amma sai yanzu ya zo hannuna. Malamin ya bi diddigin yadda Fulani suka shigo arewacin ƙasar nan tun farkon ƙarni na 20, da yawansu suna kiwon shanun 'yan ƙasa, har sannu a hankali suka gangaro kudu. Shi ne kuma ya yi rubutu a kan korar makiyaya ta 1999 zuwa 2000. Abin da kowa ya sani a ruga, wato shanu da yawa da ake gani a hannun Bafulatani ba nasa ba ne, na masu gari ne, ga shi wani ya sa a takarda. Na ji daɗi ƙwarai. Irin littafin da ya kamata wakilinmu ya riƙe ne in zai zauna da hukumar gunduma. Sai dai ya bushe, babu ƙanshin nono a cikinsa, kuma sau biyu barci yana kwashe ni.

Da dukansu haka suke, da ban ɗauki alƙalami ba, domin yabon wanda ya kare ka ba wuya. Sauran biyun ne suka hana ni barci.

Na biyun wata 'yar ƙasar nan ce ta rubuta shi, Ayesha Harruna Attah, a 2018. Sunansa The Hundred Wells of Salaga, wato rijiyoyi ɗari na Salaga. Labarin mata biyu ne: Amina, wadda mahara suka kwashe daga ƙauyensu aka kai ta kasuwa, da Wurche, 'yar gidan sarautar Gwanja ta Kpembe, a zamanin yaƙin Salaga na 1892. Mu mutanen zango muna alfahari da Salaga. Mukan ce ta nan kakanninmu suka bi da shanu da kanwa suka koma da goro, kuma watsewarta ce ta ƙara raya zangunan Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Gaskiya ne. Amma ba mu cika faɗa wa yaranmu cewa a kasuwar nan an sayar da 'ya'yan mutane ba. Ni dillali ne, na san yadda ake duba haƙorin saniya, a taɓa cinyarta, a taya. Da 'yata ta karanto inda ake tayin mutum kamar haka, sai na ce ta rufe, gobe ma rana ce.

Na ukun ya fi zafi, domin har cikin ɗaka ya shiga. Marubuciyar, Djaïli Amadou Amal, Bafulatana ce daga Marwa ta ƙasar Kamaru. Da Faransanci ta rubuta, ya ci wata babbar lambar yabo ta ɗalibai a Faransa a 2020, aka juya shi zuwa Turanci a 2022 da sunan The Impatient. Mata uku ke ba da labarinsu: Ramla da aka raba da wanda take so aka ba wani attajiri, da Hindu da aka aurar wa ɗan'uwanta mashayi mai dukanta, da Safira, uwargidan da aka yi wa kishiya. Duk wadda ta kawo kuka, kalma ɗaya ake jefa mata: munyal, wato haƙuri.

Da farko haushi na ji. Na ce ga wata ta kwashe kayan cikin gida ta kai wa Turawa su yi dariya, alhali kuwa jaridun nan ba su gama kiranmu 'yan fashi ba. Har yanzu ma ina da ƙorafi, domin mazan littafin kusan duk azzalumai ne, kuma attajiran birni ne, ba ka ganin mai sanda da ya kwana cikin ruwa yana tsaron garke. Wanda bai san mu ba zai ɗauka haka kowane gida yake.

To amma da na huce, sai na tambayi kaina: ƙarya ta yi? Shekara nawa ina zama ana sasanta rigimar aure, kuma sau nawa bakina ya furta kalmar nan ga yarinyar da fuskarta ke kumbure? Munyal ginshiƙin pulaku ne, da shi muke jure fari da cutar huhu da asarar garke. Amma haƙurin da mutum ya ɗaukar wa kansa daban, wanda aka ɗora wa mai rauni don babba ya huta daban. Kuma mu ne fa muka fi kowa sanin ɗacinsa. Duk lokacin da aka harbe shanu a Agogo, ko aka ƙone ruga, aka tara mu aka ce mu yi haƙuri ana bincike, yaya muke ji? Abin da muke ƙi daga hukuma, shi muke yi wa 'ya'yanmu mata. 'Yata ba ta ce uffan ba da ta kai ƙarshe, ta dai ɗaga kai ta dube ni.

Shi ya sa ban yarda da abokin aikina da ya ce a sayi na Farfesa a ajiye a ofis, a bar sauran ba. In muna son a ji kukanmu a waje, sai mu iya jin na cikin gida. Kuma duk ukun babu wanda makiyayi ya rubuta. Wannan Nima da muke ciki, wurin shanun Malam Amadu Futa ce a shekarun 1930 kafin ta zama gari, amma tambayi yaran Mamobi ka ji ko sun sani. Dattawan da suka koro shanu da ƙafa daga Boku har Ankara suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da labaransu a ciki.

Littattafan uku suna wurina. Duk mai so ya zo ran Lahadi bayan la'asar, yarinyar za ta karanta, ni in yi tafinta. Da na Salaga za mu fara, kuma dattijon da ke da labarin hanya ya taho da shi, mun tanadi takarda da biro.