RA'AYINMU: Wane Famfo Ya Dace Da Rijiyar Ƙauye?

Tun bayan farin 1972 zuwa 1974, babu gwamnatin da ta hau mulki a ƙasar nan ba ta yi alkawarin shayar da mutanen karkara ba. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa, amma duk wanda ya zaga ƙauyukan Arewa ya san da yawansu sun zama kufai. Sau da yawa ruwan yana nan a ƙasa, famfon da zai ɗago shi ne ya mutu. Saboda haka kafin a sake ba da kwangila, wajibi ne a auna famfunan nan uku da ake magana a kansu.

Famfon iska, mai farfela a bisa dogon ƙarfe, ba ya shan mai, kuma maƙeri ko makanike mai basira zai iya gyaran yawancin sassansa. Aibinsa shi ne iska ba ta da alkawari. In ta kwanta kwana uku, tanki ya ƙafe. Ya fi dacewa da mashayar dabbobi a fili mai sarari, inda ruwa bai yi zurfi ba.

Famfon lantarki ya fi sauran ƙarfi, yana kuma aiki dare da rana, amma fa in akwai wuta. Ƙauyuka da dama waya ba ta kai su ba, inda ta kai kuwa kowa ya tuna yadda jihohin Arewa suka kwana fiye da mako cikin duhu a watan Oktoba na 2024. In an ce a jingina da janareta, tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin mai ya fi ƙarfin talaka.

Saura mai aiki da hasken rana. Kafa shi da tsada, amma bayan nan ba ya neman mai, farantansa kuma kan yi shekara 20 ko fiye. Wani abin sha'awa, da bazara, lokacin da ƙishirwa ta fi tsanani, a lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Sai dai ba ya aiki da dare, ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi in ba a goge farantan, ɓarayi kuma suna sha'awarsu.

A ganinmu, na hasken rana shi ya fi dacewa da yawancin ƙauyukanmu, amma bisa sharaɗi. A haɗa shi da babban tanki wanda zai riƙe ruwan kwana biyu ko uku, a kewaye shi da shinge, a ɗauki mai gadi. A kafa kwamiti ƙarƙashin dagaci mai tara ɗan kuɗin gyara, a kuma koya wa samarin garin aikin kafin ɗan kwangila ya tafi.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, musamman 'ya'yan jam'iyyarmu, da kada su sa hannu a kan kwangilar da ba ta ƙunshi waɗannan sharuɗɗa ba. Matan da ke tafiyar mil uku da tulu a ka su ne za su ɗanɗana kuɗar duk wani sakaci.