Hayaƙin Salansa a Cikin Mota

Jama'a, yawancin motocin da ke kai mu kasuwa daga ƙauye tsofaffi ne. Akwai Fijo, akwai Golf, akwai J5 da akori-kura, waɗansunsu ma sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Tsufa ba laifi ba ne ga mota muddin ana kula da ita. Amma akwai cuta guda wadda tsohuwar mota kan sa wa mutane ba su sani ba, watau hayaƙin inji da ke shigowa inda fasinjoji suke zaune. A ganinmu, motar da ke shigo da hayaƙi ba ta cancanci ɗaukar mutum ba, daidai take da motar da ba ta da birki.

Ga dalili. In inji ya ƙona mai, yakan fid da wata iska mai guba wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Irinta ce gawayi da janareta suke fitarwa, har su kashe mutane a ɗaki rufe. In an shaƙe ta sai ta kama jini, ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, watau oksijin, gama ta fi oksijin manne wa jini fiye da sau 200. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne farkon shan wahala. Warin da kuke ji na ragowar man da bai ƙone ba ne, amma duk inda warin salansa ya shiga, gubar ta shiga tare da shi.

Ƙaƙa mutum zai gane? Da fari ciwon kai, sa'an nan jiri, da tashin zuciya, da kasala, da gyangyaɗi. Mutane kan ce rana ce, ko yunwa, ko "mota ba ta karɓe ni ba". To, ku lura da abu biyu. In mutum uku ko huɗu cikin mota ɗaya suka yi ciwon kai tare, kuma ya yi sauƙi bayan sun sauka sun sha iska, a tuhumi motar. Jarirai da yara da mata masu ciki da tsofaffi su ke fara jigata. Uwa takan yi murna yaro ya yi barci tun daga tasha, alhali mai yiwuwa ne hayaƙi ya kwantar da shi. Direba kuwa, shi ya fi kowa daɗewa a ciki, kuma gyangyaɗinsa ya isa ya halaka mota duka.

Hayaƙi ba ya shigowa sai an sami ɓaraka biyu: inda ya tsere daga salansa, da inda ya sami ƙofa a jikin mota. Mai mota yana iya neman su da kansa, a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin zaure ko gareji ba. Da safe, tun inji na da sanyi, a tā da shi a saurara. In ana jin ƙara "tak-tak-tak" wajen inji, ta ragu in ya yi zafi, sau da yawa gasket ɗin da ke tsakanin inji da bututun salansa ne ya ƙone. Wannan ya fi kowane haɗari, domin yana kusa da ramin da iska ke shiga gaban mota. A bi bututun da ido har baya. Duk inda aka ga baƙin kunkunniya a mahaɗa ko a kan tsatsa, nan ne yake yoyo. Makanikai kan toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, sai a ji huci yana fita ta wurin hujin. Kada a taɓa bututu da hannu, yana ƙuna, kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Bayan haka a ɗaga shimfiɗar ƙasan mota. In ana hango ƙasa ta hujin tsatsa, hayaƙi ma ya ga hanya. A duba robar gindin giya, da ramukan da wayoyi ke bi daga wajen inji, da robar murfin but.

Zancen but ɗin nan shi ne babba a wajenmu. Ranar kasuwa akan cika but da buhuna, a ɗaure murfin da igiya a buɗe, wani lokaci har da yara zaune a kan kaya. Mota in tana gudu, iskar bayanta takan nannaɗo ta komo ciki, ta jawo hayaƙin da ya fito daga salansa. Saboda haka ko salansa lafiyayyiya ce, buɗaɗɗen but yana shigo da guba. Ga shi kuwa lokacin hunturu kowa ya ɗage gilashi saboda sanyi da ƙura. In ba makawa sai an tafi haka, to a sauke gilasai na gaba da na baya, dama da hagu, kada kuma a zaunar da kowa a baya.

Akwai wani abu cikin salansar motocin zamani mai rage wannan guba ƙwarai, makanikai suna ce masa "indomi". A Amurka an fara sa shi a motoci tun 1975. Tsofaffin motoci masu kafireto da yawa ba su da shi, waɗanda suka zo da shi kuwa akan cire a sayar don yana da kuɗi. Mai motar da ya yarda aka cire nasa ya karɓi kuɗi kaɗan, ya bar iyalinsa da shaƙar guba.

Wani direba zai ce ba kuɗin gyara, ga tsadar mai, ga bashin mai mota. Gaskiya ne, ba mu raina wahalarsa ba. Amma walda salansa da liƙe ƙasan mota da sake robar but suna cikin gyaran da ba shi da tsada, ba su kai kuɗin fenti ba. Turaren mota kuwa wari kaɗai yake rufewa. Ya kamata shugabannin tasha su hana irin wannan mota yin lodi sai an gyara. Fasinja ma kada ya ji kunyar cewa, "Malam direba, hayaƙi na shigowa." Kuɗinsa ya biya, ba alfarma aka yi masa ba. Kada kuma kowa ya kwana cikin mota da inji a kunne, ko don sanyi ko don jiran gari ya waye.

In wani ya galabaita a hanya, a tsaya, a kashe inji, a fitar da kowa waje. Madara da manja ba su fid da wannan guba, kada a ɗura wa wanda ya suma kome, sai a kwantar da shi a gefensa. Wanda ya suma, ko ya ruɗe, ko ƙirjinsa ke ciwo, da mace mai ciki, a kai su asibiti nan da nan ko da sun farfaɗo, a gaya wa malamin asibiti hayaƙin mota suka shaƙa. Da iskar waje, jini yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fid da rabin gubar, amma da oksijin na asibiti wajen awa 1 da ɗan kai ya isa. In da hali, a kai su cikin wata mota dabam.