Gobarar Koriya da ritayar Windows 10: Darasi ga ofisoshi da kasuwannin Dutse

A ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi daga batiran wata cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya cak, sannan rumbun G-Drive, inda ma'aikata ke ajiye takardunsu, ya ƙone da bayanai kimanin terabait 858, ba tare da an ajiye kwafinsu a wani wuri ba. Ƙasa da makonni uku bayan haka, a ranar 14 ga Oktoba, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba bayarwa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jigawa na cikin jihohin Arewa da suka rungumi fasahar zamani da wuri, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki da aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. A yau jadawalin albashi, bayanan fansho, takardun filaye da sakamakon ɗalibai duk suna ratsawa ta kwamfuta, haka ma lissafin bashin 'yan kasuwa da dama daga Dutse zuwa Shuwarin. Abin tambaya shi ne, kwafi nawa kowane bayani yake da shi, kuma a ina yake?

Ritayar Windows 10 za ta tilasta sauya na'urori, domin Windows 11 ba ta hawa tsofaffin kwamfutoci da yawa. A irin wannan ƙaura ce bayanai suka fi salwanta. Wajibi ne a bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne kwafe faifan ajiya sukutum, wato a juye komai da ke cikinsa, manhajoji da takardu, zuwa wani faifan, da manhaja irin Clonezilla wadda kyauta ce. Idan faifai ya mutu da safe, sai a sa tagwayensa a ci gaba da aiki kafin azahar. Sai dai wannan kwafi hoton rana ɗaya ne. Abin da aka rubuta washegari ba ya ciki, kuma idan akwai cutar kwamfuta a faifan farko, tare da ita za a kwafe.

Na biyu shi ne ajiyar ko-ta-kwana da ake sabuntawa a kai a kai. Ƙa'idar da masana suka daɗe da amincewa da ita mai sauƙi ce: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani gini ko a rumbun intanet. Faifan da ke cikin durowar teburin da kwamfutar take, wuta ɗaya ko ɓarawo ɗaya ne zai tafi da su tare. Mutanen da suka ga ambaliyar 2022 a Ringim da Hadeja ba sa buƙatar dogon bayani kan haka. A ƙara da ƙurar hunturu, zafin bazara da ɗaukewar lantarki ba zato, waɗanda duk ke rage wa faifai kwana.

Akwai kuma ɓangaren doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin kare su daga ɓacewa da faɗawa hannun da bai dace ba. Don haka tsohon faifan da aka cire ba abin yarwa ko sayarwa ba ne sai an goge shi tas, kuma faifan kwafi na buƙatar makulli kamar na asalin.

Ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikata ya fitar da umarni a rubuce: kowace ma'aikata ta naɗa jami'in da ke da alhakin ajiyar, a ware kuɗin faifai a kasafi, a kuma riƙa gwada dawo da bayanan duk wata uku, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Shi kuwa ɗan kasuwa, ya ware yammacin kowace Alhamis ya juye lissafinsa a faifai ya kai gida. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, ba kowane wanda ake bi bashi ne zai zo ya tuna wa mai shago nawa ya karɓa ba.